Yari Ya Yi wa Sola Rumfa

Shekara ashirin da uku Malam Yari na Gumbin Kure ya yi yana noman albasa a fadamar da ya gada, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa jin ya ce bai sani ba. Ya san ranar da ruwan fari zai sauka, ya san abin da ke damun tunkiyar maƙwabci, ya san dalilin da ya sa gwamnati ke yin abin da take yi. In abin da ya faɗa ya faru, mako guda zai yi yana tuna wa mutane. In bai faru ba, to wani ne ya sa masa baki.

Maganar bakin nan ita ce ciwonsa. Babu mai musun akwai kambun baka, amma shi Yari ya mayar da shi abincin yau da kullum. In ya ɗinka sabuwar riga sai ya danne ta a ƙarƙashin tabarma kwana uku, ta yamutse, sannan ya sa. Babur ɗinsa bai taɓa ganin sabulu ba. In zai kai albasa kasuwar Aliero, ta bayan gari ake fitar da buhunan. Ko lawashi ya kai masa gwiwa, ka tambaye shi ya gona, sai ya ɓata fuska ya ce ana dai fama.

Ana haka fetur ya tashi. Litar da ake saye ƙasa da naira ɗari biyu ta yi ta hawa har ta taɓa dubu, shi kuwa injin ban ruwa ba ruwansa da wannan labari, yadda ya saba sha haka yake sha. Fangali ɗari biyu Yari ya dasa a shekarar, kuma kowane fangali sai ya sha ruwa bayan kwana biyu. Duk safiya sai ya ɗauki jarka ya nufi bakin titin Maiyama, inda taubashinsa Maccido ke sayar da fetur a kwalabe. Tun suna yara suke wasan taubasantaka, sai dai yanzu wasan ya koma gefe guda. Maccido ya yi kumatu, ya sayi sabon babur yana wanke shi a gaban jama'a, da ya hango Yari da jarka kuma sai ya fara yi masa kirari, yana ce masa bawan kwalba ya iso.

Ranar da Yari ya lura cewa rabin abin da albasar za ta ba shi ya riga ya shige cikin kwalaben Maccido tun ba ta nuna ba, sai ya yanke shawara. Ya sayar da injin fetur ɗin, ya sayar da san noma guda, ya tafi Jega shagon wani Habibullahi mai kayan sola. Ya sayi famfo da faranti huɗu masu fuskar gilashi, kowanne ya kai tsawon ƙofa. Habibullahi ya biyo shi har gona ya kafa su kan ƙarafa, ya jona waya, ya zura tiyo a rijiya, sannan ya gyara tsayuwa zai yi bayani. Yari ya ɗaga masa hannu. Ya ce tun ba a haifi Habibullahi ba yake kwance inji yana ɗaurawa, abin da ke cin rana ya ba da ruwa kuwa ba wani karatu ba ne. Habibullahi ya karɓi kuɗin mota ya koma Jega.

Kwana biyar na farko abin sai wanda ya gani. Da hantsi ya ɗaga sai famfon ya fara wani ɗan zuzu kamar ƙudan zuma, ruwa ya taho cikin tiyo da ƙarfi, ba hayaƙi, ba jan igiya, ba jarka. Albasa ta fara kai, lawashi ya yi kore shar. Mako uku kawai ya rage a daina ba ta ruwa a cire. Yari kan zauna a gindin kanya ya miƙe ƙafa yana jin daɗi a ciki, fuskarsa kuwa a ɗaure, don kada daɗin ya fito fili.

Sai dai gilashi ba ya ɓoye kansa. Da rana ta dake shi sai ya riƙa walƙiya har bakin titi. Masu babur suka fara tsayawa. Mata masu zuwa itace suka riƙa rage tafiya. Manoman fadama kuwa suka mayar da gonar Yari wurin hira, wannan ya shafa, wancan ya leƙa ƙasa, wani ya tambayi kuɗinsa. Kowane ido da ya sauka kan faranti, Yari sai ya ji kamar a ƙirjinsa ya sauka.

A rana ta shida Malam Tamu ya tsallako. Tamu tsoho ne mai gona a jikin ta Yari ta gabas, mutum marar yawan magana, mai fangali sittin da wani tsohon inji da sai an ja shi sau goma kafin ya tashi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan nan, sannan ya ce, "Yari, wanga abu da kyau shike. Ka huta."

Ya juya ya koma gonarsa. Yari ya bi shi da ido yana jira, har tsohon ya ɓace cikin lawashi bai ji tubarkalla ba.

Da yamma ya biya ta wurin Maccido, ba don sayen komai ba, sai don taubashin ya gan shi ba jarka. Maccido ya yi masa maraba, ya share masa benci. Ba a nan kawai kasuwarsa ta fara ja baya ba, mutum uku daga Jandutsi sun riga sun tambayi hanyar shagon Habibullahi. Bai yi wa Yari ƙarya ko ɗaya ba, wannan a faɗa masa gaskiyarsa. Ya dai ce duk wanda ya tsaya shan mai yau maganar gilashin Yari yake yi, har wani direban motar albasa ya ce tun daga kwanar titi yake hango shi. Ya ƙara da cewa shi kam yana mamakin mutumin da ke ɓoye riga a ƙarƙashin tabarma, ga shi ya shanya kuɗin sa guda a fili kowa na lasa da ido.

Washegari Yari ya kwance zana uku daga dangar matarsa Gudiya. Ta tambaye shi ina za a kai mata su, ya ce aikin maza ne. Ya kafa biyu tsaye a gabas da farantan, ɓangaren Tamu, sannan ya ƙara ɗaya ta ɓangaren titi. Ya ja da baya ya duba, ya ga ba mai hango komai daga ƙasa, hankalinsa ya kwanta.

Ranar ruwa bai zo da hantsi ba. Sai da rana ta kusa tsakiya famfon ya yi zuzu, kafin la'asar kuma ya yi shiru. Fangali arba'in suka kwana ba su sha ba.

Wani mutum da sai ya tsaya ya tambayi kansa me ya canza tsakanin jiya da yau. Yari ma ya tambaya, kuma ya samu amsa nan take: jiya Tamu ya yaba bai yi tubarkalla ba, yau ruwa ya ragu. Bakin ya riga ya shiga kafin a kafa zana, ke nan ya makara da kwana ɗaya. Ya tuna kuma da maganar direban motar albasa. Mai tafiya a ƙasa ba ya gani, amma wanda ke zaune a kan lodi, can sama, ai yana leƙowa ta saman danga.

Kada a ce Yari bai san sola rana take ci ba. Ya sani. Abin da ya ɗauka shi ne zafin take ci. Shi manomin albasa ne, ya san yadda zafi ke ratsa ciyawa ya shiga rumbu, ya san in ka shiga bukka da azahar gumi ke karyo maka. Ya zura hannu a ƙarƙashin zana ya ji wurin kamar bakin tanda, ya ce a ransa wannan zafi ya ishi faranti goma. Don haka ya saro itace huɗu masu gwafa, ya koma gida ya kwashe sauran zanar Gudiya, har akuyoyin maƙwabta suka samu hanyar shiga madafinta, ya zo ya yi wa sola rumfa. Rumfa mai kyau kuwa, don Yari ya iya ɗauri.

Famfon ya yi tari sau biyu ya mutu.

Tamu ya sake tsallakowa da ya ga aikin. Ya yi sallama, ya ce shi bai yi boko ba, amma yana gani kamar abin nan hasken yake so, a cire zanar a gani. Yari ya amsa sallamar a taƙaice. A ransa ya ce to ga shi nan, ya raunata abu bai ƙarasa ba, yanzu yana so a buɗe masa ya ƙarasa. Ya ce wa tsohon ya gode, kowa ya ji da gonarsa.

Ya kira Habibullahi a waya ya ce kayan da ya sayar masa sun lalace. Bai ambaci rumfa ba, don a ganinsa rumfa magani ce, ba ciwo ba. Habibullahi ya tambaye shi ko akwai rana a wurin. Yari ya cire wayar daga kunne ya dube ta. A ƙasar Maiyama, a watan da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, sa'an ɗan cikinsa na tambayarsa ko akwai rana. Ya ce masa a'a, ƙanƙara ake yi, ya kashe wayar. Habibullahi ya sake kira sau biyu, bai ɗauka ba.

Kwana huɗu ya yi yana jinyar famfo. Ya turara shi da habbatussauda. Ya yayyafa wa ƙarafan ruwan gishiri. Ya ɗaura tsumma baƙi a jikin gwafa. Da ya ga wata 'yar kafa a rufin da haske ke shiga, sai ya toshe ta da buhu. Kowace safiya ya zo ya danna makunni ya saurara, shiru. Albasa kuwa ba ta jiran kowa. Bakin lawashi ya fara ja, sannan ya kwanta. Ƙasar fangali ta tsage har kana iya zura yatsa. Ya gwada jan ruwa da guga, shi da ya kai shekara hamsin da biyu, ya shayar da fangali tara ya zauna yana haki yana kallon ɗari da casa'in da ɗaya.

A gida Gudiya ta ajiye masa tuwo, ta ce ita mace ce ba ta san inji ba, amma ta san kafin a kwashe mata danga ana samun ruwa. Ya ce mata shi ya sa ba a shawara da wanda bai taɓa riƙe sifana ba. Ta ce to, Allah ya ba da lafiya, ta tafi korar akuya.

A rana ta biyar ya tono kan albasa guda ya matsa, ya ji ta fara laushi. Kwana biyu nan gaba ko kogi aka juyo mata ba za ta tashi ba. Dole ya samu injin fetur yau, kuma ba shi da abin saye. Nan dabara ta zo masa, ya ji daɗinta har ya yi murmushi. Tamu ne ya kashe abin nan da bakinsa, to Tamu zai ɗauki gawar. Zai yi masa tayin musaya, sola da faranti huɗu a bakin tsohon injinsa. Ai shi ya ce da kyau.

Ya aika aka kira Tamu, ya kira Maccido da wasu manoma biyu su zama shaidu, don kada gobe tsoho ya ce an cuce shi. Suka haɗu a gindin rumfa rana na tsaka. Da Tamu ya ji tayin sai ya dubi rumfa, ya dubi albasar da ta kwanta.

"Yari, na hwaɗa maka sau guda, bari in ƙara gaban mutane," in ji shi. "Lahiya lau abin ga shike. Zanar ga ita ta hana shi aiki. Injina kau ka san shi, bai kai kuɗin faranti guda ba."

Yari ya ji wannan ma makirci ne. So tsohon yake Yari ya riƙe mataccen abu har albasa ta ƙarasa mutuwa. Ya ce in Malam Tamu na tsoro ya faɗa, sai a kai wa wani. Maccido ya sa baki ya ce dattawa biyu masu hankali ba a koya musu ciniki, kowa ya san abin da yake so. Tamu ya ce to, shi dai ya fita haƙƙi, kuma zai ɗora tunkiya guda a kai don zuciyarsa ta natsu. Aka yi musafaha. Shaidu suka ce Allah shi sa albarka. Ciniki ya faɗa.

Sai batun kwashe kaya. Ba yadda za a kwance faranti sai an ɗage rumfa, don haka manoman nan biyu suka kama zanar rufi, ɗaya nan ɗaya can, suka ɗaga suka jefar gefe. Makunnin yana nan yadda Yari ya bar shi tun safe. Rana ta faɗa kan gilashi.

Aka ji zuzu.

Tiyon da ya yi kwana biyar kwance kamar mataccen maciji ya motsa, ya kumbura, ya yi amai da iska, sannan ruwa ya ɓalle da ƙarfin da ya watsa wa Maccido taɓo a sabon wandonsa. Ruwan ya bi magudana ya shiga fangali na farko, busasshiyar ƙasa tana sha tana tsotso. Ɗaya daga cikin shaidun ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi, kafaɗunsa na rawa.

Yari ya dubi zana a ƙasa, ya dubi ruwa, ya sake duban zana. Ba wawa ba ne. A wannan lokacin ya gane komai, tun daga zanar farko har buhun da ya toshe kafa da shi.

Tamu ya matso kusa da shi, ya rage murya, amma ba yadda sauran ba za su ji ba.

"Ɗan'uwa, ban son abin da za shi hana ni barci. Ka ce ka yi kuskure, mu warware. Ka riƙe abinka, in riƙe nawa, albasarka ta sha."

Kalma uku ce: na yi kuskure. Yari ya dubi fangali ɗari biyu, san noman da ya sayar, da abincin gidansa na shekara, duk suna kwance suna jiran kalma uku. Ya buɗe baki. Sai idonsa ya faɗa kan Maccido, wanda ya daina goge wando ya tsaya yana jira, haƙoransa duk a waje. Yari ya hango benci a bakin titi, ya ji yadda za a riƙa ba da labarin nan ga kowane mai babur daga Jega har Maiyama, shekara da shekaru, mutumin da ya yi wa sola rumfa.

Bai lura ba cewa za a ba da labarin ko ya faɗi kalmomin ko bai faɗa ba.

Ya gyara hula. "Wane kuskure? Ai abin da nake hwaɗi ke nan. Da ya bar hannuna, bakin ya sake shi. Mutum ba shi yi wa kayansa baki. Ciniki ya hwaɗa, Malam Tamu, ɗauki abinka."

Tamu ya dube shi. Sannan ya ce to, ba zai kwance yau ba, bayansa na ciwo, a bar shi ya yi aiki har la'asar. Kowa ya san bayan Tamu lafiyarsa ƙalau. Yari bai yi godiya ba, amma ya ɗauki fartanya ya shiga buɗe wa ruwa hanya, fangali bayan fangali, da sauri kamar wanda ake kora, bai ɗago kai ba har rana ta yi sanyi famfon ya yi shiru da kansa.

Washegari aka tsallaka da farantan gonar Tamu, aka kawo tsohon inji da tunkiya. Tunkiyar ba ta kwana biyu ba ta koma kwalaben Maccido, wanda ya tarbi taubashinsa da kirarin da ya saba, ya ce bawan kwalba ya yi yawon duniya ya dawo gida. Man da ta sayo bai kai wa fangali ɗari biyu ba. Yari ya zaɓi tamanin na kusa da rijiya ya riƙa ba su, sauran ya bar su suka bushe a tsaye. Da aka cire albasa, abin da ya samu bai kai a fitar da shi ta bayan gari ba, a kan babur ya kai shi Aliero sawu uku. Ga duk wanda ya tambaya ya ce ana dai fama, kuma karon farko a rayuwarsa gaskiya ya faɗa.

Tamu ya kafa farantan a tsakiyar fili, ba danga ba rufi. Kafin rani ya fita ya ƙara fangali talatin na tattasai, yana kuma tura wa wata gwauruwa mai gona a bayansa ruwa kyauta. Da hantsi gilashin kan wurgo haske daidai gindin kanyar da Yari ke zama, don haka Yari ya sauya mazauni, yana ba gabas baya.

Gudiya ta tambayi zanarta. Ya ce ba yanzu ba. Tsohon injin Tamu in ya sha rana zafi yake yi ya mutu, sai an yi masa inuwa. Ya kafa gwafa huɗun nan a bakin rijiya, ya ɗaura rumfar a kansa, ya ja igiya sau goma sha ɗaya kafin ya tashi.